Ƙofar da Jamus ta buɗe wa 'yan Yukren, da takardar da yaranmu ba su da ita

A wani shagon masu aikin wutar lantarki a nan Jamus, maigidan ya amince zai ɗauki matasa biyu koyon aiki. 'Yar Yukren ta sa hannu, ranar 1 ga Satumba ta fara. Ɗayan, ɗan Afirka ta Yamma mai neman mafaka, har sanyi ya shigo yana jiran ofishin baƙi ya ba shi izini. Abin da ciwo wallahi.

Koyon sana'a a nan, wanda suke kira Ausbildung, ya wuce a kai yaro gareji a ce wa maigida "ga amana nan". Kwantiragi ake rubutawa, a yi masa rajista a ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ko ta masu sana'ar hannu. Yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku da rabi: kwana uku ko huɗu a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makarantar sana'a. Akwai gwaji na wata ɗaya zuwa huɗu. Ɗan koyo yana rubuta abin da ya koya a wani littafi, maigida ya sa hannu, in babu littafin ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. Kuma biyansa ake yi: wanda ya fara a 2025, doka ta hana a ba shi ƙasa da Yuro 682 a wata.

Tun da Tarayyar Turai ta ba 'yan Yukren kariyar wucin gadi a ranar 4 ga Maris 2022, takardar zamansu, ta sashe na 24 na dokar zaman baƙi, da izinin aiki take zuwa. Daga Yuni 2022 kuma aka mayar da su hannun Jobcenter, ofishin masu neman aiki, mai ba su kuɗin abinci da haya, ta tura su darasin Jamusanci na awa 600. Wanda bai shirya ba, ana iya sa shi share fage a kamfani na wata 4 zuwa 12, hukuma na taimaka wa kamfanin da kuɗi.

Ban ce su ma a kan katifa suke ba. Darasin yana tsayawa a matakin iya harshe na B1, alhali makarantar sana'a da jarrabawarta galibi sai mai B2, matakin da ke sama da shi, nan ne da yawa ke tuntuɓe. Takardar zaman ana sabunta ta ne shekara-shekara, maigida kuma na lissafin shekara uku. Yawancin manyansu mata ne masu 'ya'ya, in babu wurin renon yara, zance ya ƙare. Amma duk waɗannan matsalolin cikin gida ne. Namu a bakin ƙofa yake tsaye: sai an ba shi izinin aiki, in an ƙi ba shi mafaka sai ya tabbatar da ko shi wane ne, galibi da fasfo, kafin a bar shi ya ƙarasa koyon, shi kuma yana tsoron fasfon nan da shi za a mayar da shi.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. Makanike ya yi shekara goma a Panteka ko Ƙofar Ruwa, da kunne yake gane ciwon inji, ya zo nan a rubuta shi marar sana'a. A gida wa ya taɓa tambayar yaro fasfo kafin a miƙa masa sifana? Maigida ya ciyar da shi, ya yaye shi, wani har aure yake yi masa. Wannan mutuncin babu shi a kwantiraginsu.

Sai dai Bajamushe takarda yake karantawa. Dokarsu ta yarda wanda ya yi aiki ninki ɗaya da rabi na tsawon koyon, wato shekara huɗu da rabi a sana'ar shekara uku, ya zauna jarrabawar kai tsaye, in ya kawo shaida. Don haka iyayen gida masu gareji da shagon walda, in za ku yaye yaro, ku rubuta masa ranar da ya fara, ranar da ya gama, irin ayyukan da ya iya, ku sa hannu da hatimin ƙungiyarku.