Son ƙasar Bature ba a jikin falwaya yake ba

Tun watan Agustan 2025 da maganar rataye tutoci a jikin falwayoyin titi ta taso daga Birmingham ta bazu ko'ina, unguwarmu a Sheffield ma ba ta tsira ba. Ka fito da safe za ka hau bas sai ka ga jan kuros a kan farin ƙyalle wato tutar Ingila, yana kaɗawa a kowace falwaya, an ɗaure da 'yar igiyar roba, shataletale ma an bi shi da jan fenti. Ni tutar ba ta dame ni ba, tasu ce, lokacin ƙwallo har 'ya'yanmu suna ɗaga ta. Abin da ya ƙona min rai maganar da ke biye da ita ce, wai wannan shi ne kishin ƙasa, wai duk wanda bai tafa ba to ba ya son Birtaniya. Kuma abin takaici har wasu 'yan uwanmu sun hau kai a Facebook suna cewa ai ka ga Bature ya san darajar ƙasarsa, dubi tuta ko'ina. Haba jama'a. Duk wanda ya zauna da mutanen nan ya ci ya sha da su ya san ba nan gizo ke saƙar ba.

In kana son ka san abin da ke taɓa zuciyar Bature, ka tuna ƙarshen Satumban 2023, ranar da aka wayi gari aka tarar an sare bishiyar nan ta Sycamore Gap da ke jikin ganuwar Hadrian a Northumberland, ganuwar da Rumawa suka fara ginawa tun shekara ta 122. Bishiya ɗaya tal, a tsaye ita kaɗai cikin wani kwari tsakanin tudu biyu, ta haura shekara ɗari a wurin. Wallahi ranar kamar an yi mutuwa. Wata dattijuwa da muke aiki tare, mace ce mai dakiya wadda ban taɓa ganin ranta ya ɓaci a gaban mutane ba, ta zaro waya tana nuna min hotonta da marigayi mijinta a gindin bishiyar, sun sha rigunan ruwa, iska ta hargitsa musu gashi, tana magana muryarta na rawa har ta kasa ƙarasawa. Mutane da yawa a nan suka nemi aure, wasu a nan suka watsa tokar iyayensu. Mutum biyun da suka yi aika-aikar da injin yankan itace cikin dare kotu a Newcastle ta ɗaure kowannensu shekara 4 da wata 3 a Yulin 2025. Kuma a lura, ba baƙi ba ne, ba a kwale-kwale suka tsallako ba, 'yan Cumbria ne haifaffun ƙasa. National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi irin wannan, ta tattara irin bishiyar ta raini dashe 49, daidai da tsawonta ƙafa 49, aka raba wa al'ummomi a faɗin ƙasar. Ba wanda ya tambayi launin fatar wanda ya yi kuka ranar.

Ni dai abin da na gani a zamana, Bature ƙasarsa da ƙafa yake sonta. Ran Asabar ko ruwa ake tsugawa za ka ga jirgin ƙasan da ke zuwa Edale, wani ƙauye a cikin tsaunukan Peak District tsakanin Sheffield da Manchester, cike da tsofaffi da yara, takalman taɓo, jaka a baya, fulas na shayi da burodi a leda, su je su yi tafiyar awa biyar a kan tudu su dawo a jiƙe suna murna. Akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi, kusan mil 140,000 a Ingila da Wales, kamar dai burtali a wurinmu amma na mutane, kuma nasu an rubuta shi a taswira, mai gona ba shi da ikon toshewa. Za ka bi ta tsakiyar gonar wani, tumakinsa na kallonka, ka iso shingen dutse ka tarar an kafa ɗan matakalar katako don ka tsallake, ka buɗe ƙyaure ka rufe a bayanka don kar dabbobi su fita, duk wanda kuka yi kiciɓis da shi sai ya gaishe ka ya yi ƙorafin yanayi. Mutumin da a cikin gari ko kallonka ba zai yi a bas ba, a kan dutse shi zai tsaya ya nuna maka hanya.

Kuma wannan ba kyauta aka ba su ba, shi ne abin da masu tutar falwaya ba sa son a faɗa. Ranar 24 ga Afrilun 1932 matasan ma'aikatan masana'antu kusan 400 daga Manchester da Sheffield suka haura dutsen Kinder Scout da gangan, alhali wurin na wani babban basarake ne da ya keɓe don harbin wasu tsuntsaye masu kama da makwarwa, aka yi dambe da masu gadinsa, aka ɗaure mutum biyar ciki har da jagoransu Benny Rothman, ɗan Yahudawan da suka yi hijira zuwa ƙasar, a lura da wannan ma. A lokacin ana musu kallon 'yan iska masu raina doka. Sai 1949 aka yi dokar wuraren shaƙatawa na ƙasa, 1951 Peak District, yankin da Kinder Scout ɗin yake, ya zama na farko, sai 2000 aka yi dokar da ta ba jama'a damar yawo a tsaunuka da fako. Duk da haka har yau kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ne kawai wannan damar ta shafa, kuma bincike ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mutane su suka mallaki rabin ƙasar. Kwanan nan ma wani attajiri mai fili a Dartmoor ya kai ƙara don a hana mutane kafa tanti su kwana a dajin, ya yi nasara a 2023, jama'a dubbai suka fito, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jama'a haƙƙinsu a Mayun 2025. To wannan shi ne faɗan son ƙasa, kuma ban ga masu hawa tsani suna ɗaura ƙyalle sun cika wurin ba.

Ina suke lokacin da kamfanonin ruwa, waɗanda aka sayar wa 'yan kasuwa tun 1989, suka kwarara ƙazantar masai cikin koguna da teku na tsawon awa miliyan 3.6 a shekarar 2023 kaɗai, kamar yadda hukumar muhalli ta Ingila ta fitar? Har tafkin Windermere, wanda ya fi kowanne girma a Ingila, wanda ake bugawa a katin gaisuwa, bai tsira ba. Masu iyo da masu kamun kifi da tsofaffin mata masu ɗibar ruwa a kwalba suna kaiwa gwaji su suka yi ta fama har abin ya zama maganar zaɓe. Mutum ya ce yana son uwarsa, ana zuba mata shara a ɗaki yana kallo, shi yana waje yana manna hotonta a bango, wane irin so ne wannan?

Sauran abubuwan da suke alfahari da su ma duk iri ɗaya ne, abin da aka haɗu aka riƙe tare. Hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, da aka kafa a 1948, wadda yau ba za ta kai gobe ba in ka cire likitoci da nas-nas 'yan Indiya da Najeriya da Filifin. Ƙungiyar ceto a teku ta RNLI tun 1824, yawancinsu 'yan sa kai da ke barin gadonsu cikin dare su shiga igiyar ruwa, da ɗan siyasar nan mai adawa da shigowar baƙi Nigel Farage ya zage su a 2021 don sun tsamo 'yan ci-rani daga teku sai jama'a suka mayar masa da martani da aljihunsu, gudummawa ta yi ta kwarara. Ko layin nan da ake musu tsiya a kai, a Satumban 2022 mutane kusan 250,000 suka bi layi a Landan don ban kwana da Sarauniya, wasu kusan kwana guda a tsaye, ba turereniya ba wane ya fi wane, da wasu fitattun 'yan talabijin aka zarge su da tsallake layi ƙasar ta yi musu ca har sai da suka fito suna ba da bayani.

Masu tutar suna ta nuna wani binciken ra'ayi da ya ce masu alfahari da tarihin Birtaniya sun ragu daga kashi 86 a 2013 zuwa 64 a 2023, wai ga shaida an kashe kishin ƙasa. Mu da sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba mu za mu yi zaman makokin wannan ragin ba, mutum ya fara kokwanton daular kakanninsa ai hankali ya zo masa, kuma bai hana shi son tudun garinsu ba. Su kuma 'yan bokon da ke cewa duk wani son Birtaniya wariyar launin fata ce a ɓoye, su je su faɗa wa dattijuwar nan mai hoton bishiya, ba ni da lokacinsu.

Ba wai ina cewa ƙauyukan Ingila aljanna ce ga baƙar fata ba. Ranar Kirsimetin 2021 da ƙungiyar Muslim Hikers ta Haroon Mota ta hau dutsen Mam Tor aka sa hotuna a intanet, zagin da aka yi musu ba ya faɗuwa, wai sun zo ɓata wuri. Amma mutanen tafiyar ƙafa na gaskiya su suka fito suka kare su, ƙungiyar ma ta ƙara girma. Haka a Southport a ƙarshen Yulin 2024, bayan kisan wasu ƙananan yara mata uku a garin da ƙaryar da aka yaɗa cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi, 'yan tarzoma suka far wa masallaci da bulo, washegari da sassafe mutanen unguwa suka fito da tsintsiya da shebur, magina suka tayar da katangar masallacin da aka rusa. Cikin waɗannan biyun, mai jifa da mai gini, dan Allah wa ya fi son Southport?

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne, Scotland ta yi tun 2003, ta buɗe kusan duk ƙasarta ga mai tafiya matuƙar zai kiyaye, kuma sama ba ta faɗo ba. Jam'iyyar Labour ta taɓa nuna za ta yi haka a Ingila sai ta ja da baya kafin zaɓen 2024, ta koma alkawarin hanyoyin bakin kogi tara da dazuzzuka uku. Wannan ya yi kaɗan ƙwarai. A buɗe koguna da dazuzzuka, a matse kamfanonin ruwa, a sa bas mai araha da zai kai yaran cikin gari su ga tudun da ake ce musu nasu ne.

Tutocin layinmu yanzu ruwa da iska sun cinye su, wasu sun koma tsumma sun nannaɗe a jikin falwaya, waɗanda suka ɗaura ba su dawo sun duba ba. Maƙwabcina kuwa, tsohon ma'aikacin ƙarfe ne ya haura saba'in, gwiwarsa ɗaya ba lafiya, duk wata yana bin 'yan sa kai su je su jera duwatsu a hanyar da ƙafa ta zaizaye a saman tudu. Makon jiya ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce akwai wuri a motarsa in ina da takalmin kirki, kuma in taho da yaran.