Kafin ka kashe Secure Boot, tsaya ka ji

Jama'a, akwai wata shawara da ke yawo wadda ta ishe ni. Da zarar wani ya ce laftof ɗinsa ta ƙi tashi daga filash, sai ka ga mutum goma sun yi caa a kansa: "Shiga BIOS ka kashe Secure Boot kawai." BIOS shi ne shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, Secure Boot kuma wani tsaro ne da ke cikinsa. Wallahi wannan shawarar ta sa mutane da yawa kuka da idonsu.

Makon jiya ƙanena ya shigo min da tasa, duk ya rikice. Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux da ke aiki a madadin Windows, yake son gwadawa, aka ce ya kashe, ya kashe. Da ya koma Windows sai shuɗin allo ya tare shi, BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai, na neman makulli mai lamba 48. Shi bai ma san faifansa a kulle yake ba, ga aikin karatunsa na shekara guda a ciki. Allah ya taimaka makullin na ajiye a asusunsa na Microsoft, muka ciro ta waya. Yana buga lambobin shida-shida hannunsa na rawa, sau biyu yana kuskure.

Abin da ya fi ƙona min rai, babu ma dalilin kashewar. Tun zamanin Windows 8, a 2012, Secure Boot ya zama ruwan dare, kuma aikinsa ɗaya ne: ya hana manhajar da ba ta da sa hannun da na'urar ta amince da shi tashi. Ubuntu da Fedora, wani nau'in Linux ɗin, suna da wannan sa hannun, suna wucewa lafiya. Laifin ƙanena a filash yake. Ya rubuta shi da Rufus, manhajar rubuta filash, a tsarin MBR na tsofaffin kwamfutoci, alhali tasa UEFI, wato sabon nau'in BIOS, kaɗai take ji. Muka sake rubutawa a GPT, tsarin sababbin kwamfutoci, nan take sunan filash ɗin ya fito.

A ganina nan ya kamata kowa ya fara. Kwafe fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da tsarin da za ka girka, ka jefa cikin filash kamar hoto ba zai tayar da komai ba, sai an rubuta shi da manhaja. Idan Windows za ka girka, ka tuna tsarin filash na FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, shi ya sa kwafin hannu ke tsayawa a hanya. Ka canja ramin USB ma, wani lokacin shi ke nan.

Sai maɓallin da ake dannawa yayin kunnawa don a zaɓi inda kwamfuta za ta tashi. Dell da Lenovo galibi F12, HP kuma F9, Asus Esc. Acer kan zo da F12 ɗin a kashe, sai ka danna F2 ka kunna shi. In na'urar na tsere maka zuwa Windows kafin ka danna komai, riƙe Shift ka zaɓi sake kunnawa, daga can za ka iya zaɓar filash ɗin kai tsaye.

Ban ce kada a taɓa Secure Boot ba, na'urarka ce, kuɗinka ka sa, kuma akwai tsarin Linux da ba ya tashi sai an kashe shi. Amma ko a sababbin ThinkPad na Lenovo da ke ƙin Linux, sau da yawa layi ɗaya ne a BIOS, wanda ke ba da izinin shaidar Microsoft ta manhajojin wasu kamfanoni. Kunna shi ya wadatar. In kuwa dole sai ka kashe, fara rubuta makullin BitLocker a takarda, ko ka dakatar da BitLocker ɗin daga cikin Windows. A wasu Acer ma ba za ka iya kashewa ba sai ka sa kalmar sirri ta BIOS. Ita ma rubuta ta a takardar, don mantuwarta ta fi ta Windows wahalar gyara nesa ba kusa ba.