Gwanjo ya fi shagon rangwame faɗa mini gaskiya

Jama'a, akwai wata riga mai kauri ta sanyi da na saya a gwanjo shekara shida ke nan. Ranar da na zaro ta daga ƙasan tulin kaya, maɓalli ɗaya ya fita, aljihun hagu kuma ya ɗan yage ta ciki. Na juya ta bai-bai na bi ɗinkin da yatsa, na tarar layi biyu ne, zare a matse, an naɗe bakin yadin yadda ba zai warware ba. Tela ya gyara aljihun cikin minti goma. Har yau ita nake sawa in sanyi ya kama. A shekarar dai na shiga wani babban shagon rangwame na wani kamfani na sayi wando sabo fil, an rubuta farashi an soke shi da jan layi, an sa rabinsa a ƙasa. Wanki uku ya koɗe, gwiwa ta yi jaka, zif ya daina hawa.

Tun daga nan na fara bin diddigin yadda waɗannan shaguna suke aiki, kuma abin da na gano ya ɓata mini rai. Asalin irin wannan shago, wato shagon masana'anta, abu ne mai kyau: kayan da suka yi kwantai, ko waɗanda aka ɗan yi kuskure a ɗinkinsu, kamfani ya karyar da su, da farko ma ga ma'aikatansa. Amma da shagunan suka yawaita, kayan kwantai ba sa isa su cika kantoci. Sai kamfanoni da dama suka koma ɗinka kaya na musamman don shagon rangwame kawai, da yadi mara kauri da maɓallin roba, wani ma ba shafi a ciki, a manna musu tambarin nan da kowa ya sani. Farashin da aka soke da jan layi, a lokuta da yawa ba a taɓa sayar da wannan rigar a kansa ba ko sau ɗaya. Maganar ta yi ƙarfi a Amurka har a 2014 wasu 'yan majalisa huɗu suka rubuta wa hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, suna neman ta binciki wannan salon sa farashi.

Dabarar tana aiki ne saboda ido yana fara sauka kan babbar lambar. Da zarar ka gan ta, zuciyarka ta daina tambayar ko wandon ya kai kuɗinsa, ta koma lissafin abin da ka "tsira" da shi. Haka mutum zai fito da leda uku cike da abin da bai fito nema ba, yana murna.

Ba ina cewa duk shagon rangwame yaudara ba ne. Akwai na gaskiya, musamman idan yanayi ya juya ana son a kwashe kayan bara. Kuma gara a karyar da kaya da a ƙone su; a 2018 aka ji kamfanin tufafi na Burberry da ke Birtaniya ya lalata kayan da suka kai fam miliyan 28.6 cikin shekara ɗaya don kada darajar sunansa ta faɗi, sai da mutane suka yi ca sannan ya ce ya daina. Faransa ta yi doka a 2020 da ta hana lalata irin waɗannan kaya da ba a sayar ba.

To me ya sa na fi yarda da gwanjo? Don kayan gwanjo ya riga ya ci jarrabawa. Wani ya sa shi, ya wanke shi, ya goge shi. In zai motse ya riga ya motse, in launinsa mai zuba ne ya riga ya zuba. Abin da ka gani a hannunka shi ne za ka kai gida. Aikinka kawai ka iya dubawa, kuma wannan ilimi ne da ake koya da haƙuri. Ni kan fara da hammata da wuya, nan datti da gumi suke barin tabon da sabulu ba ya fitarwa. Sai in ɗaga yadin sama ta wajen haske, duk inda ya sirance zai nuna kansa. In ja zif sama da ƙasa sau biyu ko uku. In sunsuna, don warin rima ba ya barin yadi da sauƙi. Takalmi kuwa, ku lanƙwasa tafinsa ku gani. Robar da ta daɗe a ajiye takan bushe ta ruɓe ko da samansa yana ƙyalli. Ƙaramar takardar da ke ɗinke a gefen ciki ita ce mai faɗar ko auduga ce ko ulu ko zaren roba, ta fi tambarin wuya amfani nesa ba kusa ba. In an kai gida, a wanke da ruwan zafi idan yadin zai jure, a shanya a rana, a goge kafin a haɗa da sauran kaya.

Masu jin kunyar a gan su suna tonon gwanjo, ina roƙonku ku sauke wannan nauyin. A 1902 wani malamin coci a Boston, Edgar Helms, ya fara tattara tsofaffin kaya daga unguwannin masu hali, ya ɗauki marasa aiki su gyara, a sayar a biya su lada. Daga nan Goodwill, ƙungiyar agaji mai shagunan gwanjo a Amurka, ta samo asali. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta buɗe shagonta na gwanjo na farko a Oxford ta Ingila a ƙarshen shekarun 1940, kuɗin yana tafiya ga taimakon mabukata. Sana'a ce mai tarihi da mutunci.

Sai dai gwanjon ma ya fara lalacewa, kuma wannan ne ya fi damuna. Kayan yayi masu arha da ake ɗinkawa a gurguje yanzu su ne suke cika diloli. Kasuwar Kantamanto da ke Accra tana karɓar tufafi kimanin miliyan 15 kowane mako, kuma ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a bola. A hamadar Atacama ta Chile akwai tsaunukan tufafin da aka zubar. Ɗan kasuwa ya sayi dila a rufe bai san me ke ciki ba, ya yanka ya tarar rabi tsumma ne, asarar a kansa take sauka. Mai saye kuma da ya kwashi riga goma don kawai sun yi arha, ya sa biyu ya jefar da takwas, shi ma ya ƙara wa tsaunin tsawo. Araha ba ta ado, magabata sun faɗa.

Shi ya sa yanzu kafin in fita nake rubuta abin da nake nema a 'yar takarda, da awon ƙugu da na kafaɗa, in sa tef ɗin awo a aljihu tunda ba ko'ina ake barin gwaji ba. Makon jiya jakar fata na fita nema. Na duba guda bakwai, shida fatar roba ce da ta fara ɓarewa a hannu, ta bakwai kuma ta gaske ce amma ta yi mini ƙarama. Na mayar da ita inda take, zan sake komawa ranar da suka buɗe sabuwar dila.