Jarumin da ya gaji ƙarfi tare da laifi

Labaran jaruman da suka mutu aka sake haifarsu sun cika intanet, kuma akasarinsu sun mayar da wannan dawowa garaɓasa: yaro ya taso da sanin rayuwarsa ta baya, ya fi kowa wayo tun yana goye, ya murƙushe abokan gaba ba tare da ya rasa komai ba. A ganina, masu rubuta irin waɗannan labarai suna da abin koyo daga jerin littattafan The Wheel of Time, wanda marubucin Amurka Robert Jordan ya fara fitarwa a 1990, kuma Brandon Sanderson ya kammala da littafi na 14 a 2013, bayan mutuwar Jordan a 2007.

Jarumin labarin, Rand al'Thor, makiyayin tumaki ne da aka shaida masa cewa shi ne Lews Therin ya dawo duniya, wato gwarzon da ya ceci mutane amma ya haukace ya kashe matarsa da 'ya'yansa da hannunsa. Ƙarfin sihirin da Rand ya gada gurɓatacce ne, domin duk namijin da ya yi amfani da shi ƙarshensa hauka, sannan muryar mamacin tana magana a cikin kansa, tana kukan matarsa Ilyena, har ya kasa bambance tunaninsa da na wancan. Babu yadda zai karɓi ƙarfin ya bar laifin, kuma a nan darajar labarin take. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda yake haddace sunayen matan da suka mutu saboda shi, yana bitar su a zuci, yana ƙara taurare zuciyarsa da zaton haka shugabanci yake bukata, har na kusa da shi suka fara tsoronsa. Ba mamaki Jordan ya san nauyin nan, tun da ya yi yaƙi a Biyetnam.

Mai karatu Musulmi bai yarda da sake haihuwa ba, amma ba sai ya yarda ba kafin ya gane halin mutumin da mulki yake cinye tausayinsa. Gaskiya ne littattafan tsakiya sun yi jan ƙafa ƙwarai, sai dai wannan tsawon ne ya ba mu damar ganin lalacewar Rand sannu a hankali, abin da masu gaggawar ɗora jarumi a kan karaga ba sa tsayawa su nuna.