Tarihin asibitocinmu a kan sikelin 'yan gwangwan

Tun da ƙasar Holan ta maido wa Najeriya kayan tagulla 119 na masarautar Benin a watan Yunin 2025, bayan Jamus ta fara maido nata a 2022, masu sharhinmu na Katsina ba su huta ba. Kowa ya buɗe Facebook sai ya tarar ana ta kumfar baki: Turawa ɓarayi ne, su dawo mana da namu ma, har da abin da suka kwasa daga ƙasar Hausa. Ban ƙi ba. Abin da sojan Ingila suka yi a Benin a 1897 fashi ne da rana tsaka, kuma duk abin da aka ɗauka ta wannan hanya dole ya koma ga masu shi. Abin da ke ci mini rai shi ne, masu kukan kayan da ke Landan, a gaban idonsu ake ɗora nasu tarihin kan sikeli ana sayarwa kilo-kilo, ko a jikinsu.

Makonni uku da suka wuce na kai goggona wani tsohon asibiti da ake yi wa kwaskwarima a nan jiharmu. Ba zan kama suna ba, don abin ba na wuri ɗaya ba ne. Muna jiran layi na zagaya baya, sai na iske an kwashe wani sito an tula kayansa a rana. Akwai sikelin auna jarirai mai kwanon ƙarfe, wanda tsakiyarsa ta yi sumul saboda yawan jariran da aka kwantar a ciki. Akwai tukunyar dafa allura ta zamanin da ba a fara sirinjin roba ba, da sirinjin gilashi har yanzu kwance cikin gwangwaninsa, da firjin kananzir na ajiye maganin rigakafi. Akwai wani madubin likita mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana, don lokacin da aka yi aiki da shi garin bai san lantarki ba. Wani saurayi da kurarsa yana ɗagawa yana aunawa. Na ce, "Samari, ka san mene ne wannan a hannunka?" Ya ce, "Yallaɓai, mu dai nauyi muke saye." Na tambayi wani dattijon ma'aikaci ina manyan littattafan rajista da aka fito da su, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, tun jiya mai ƙosai ta kwashe."

Saurayin nan ba shi da laifi, abincinsa yake nema. Laifin yana wuyanmu mu da muka yi karatu, muka kuma yanke wa kanmu hukunci cewa tarihi sai takobi da tambari. In baƙo ya zo Katsina mukan kai shi hasumiyar Gobarau, mu ba shi labarin takobin nan Gajere da gwauron tambari, mu wuce da shi Daura ya sha ruwan Kusugu. Duk wannan abin alfahari ne. Amma tarihin sarakuna ne da yaƙi. Ita talakar da ta haifi goma ta binne shida, wa ya ajiye nata? Abin da ya fi kashe kakanninmu ai ba kibiya ba ce, agana ce da sanƙarau da ƙyanda da naƙuda mai tsawo. Yadda aka yi fama da waɗannan, da kayan da aka yi faman da su, shi ne tarihin mafi yawan mutanen ƙasar nan, kuma shi ne muke sallama wa 'yan gwangwan.

Kakata ta wajen uba fuskarta cike take da zanzana. Muna yara mukan sa yatsa muna ƙirga ramukan, tana ture hannunmu tana dariya, sai daga baya muka ji cewa a shekarar da agana ta kama ta, ƙannenta biyu aka fitar daga gidan cikin mako guda. Yau ka tara ɗaliban sakandare ɗari ka ce musu agana, da wuya ka sami biyar da suka taɓa jin kalmar. Gangamin kawar da ita ya ratsa ƙauyukanmu a ƙarshen shekarun 1960, ma'aikata na tafe da wata na'ura mai kama da bindiga da ake takawa da ƙafa ta harba magani cikin fata, daga baya kuma aka zo da 'yar allura mai baki biyu. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Najeriya, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa cutar ta ƙare a doron ƙasa. Ita kaɗai ce cutar ɗan Adam da aka taɓa kawarwa ɗungurungum, kuma da iyayenmu aka yi aikin. Lambar tana nan a damtsen dattawanmu. Wa zai iya nuna mini inda aka ajiye ko guda ɗaya daga cikin na'urorin nan a jihar Katsina, inda yaro zai je ya tsaya ya gani?

Wannan tambayar ba ta marmari ba ce. Mu ne a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda jita-jita, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta fita. Mu ne mashaƙo ya dawo ya kwashe mana yara a 2023, alhali rigakafinsa ya girmi iyayen yaran. Uban da ke rufe ƙofa idan ya hango masu rigakafi bai taɓa ganin fuskar mai zanzana ba, bai san abin da aka tsamo shi daga ciki ba. Mun kashe kuɗi a kan sanarwar rediyo da fastoci, muna ta faɗa masa, shi kuwa Bahaushe tuntuni ya ce gani ya kori ji. Hoton ƙauye lokacin agana, da allurar da ta kore ta, da rajistar da ke nuna yadda sunayen mamata suka yi ta raguwa shekara bayan shekara, sun fi jawabin kowane kwamishina shiga rai.

Haka kurkunu. A 1988 an ƙirga mutum sama da dubu 650 da ke ɗauke da shi a Najeriya, manomi ya kwana damina guda a kan tabarma ana naɗe masa tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 aka ba ƙasar shaidar rabuwa da shi. Makamin yaƙin kuwa ƙyallen tace ruwa ne da ɗan bututun da makiyayi ke ratayawa a wuya. Jiya-jiya ke nan, amma je ka nemi ɗaya.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne Babbar Ruga. Wuri ne da ba shi da nisa da birnin Katsina, amma tarihin da ke kwance a can ya isa cika gidan tarihi guda. An fara shi ne a matsayin matsugunin masu kuturta tun zamanin Turawa, 'yan mishan suka riƙe shi daga ƙarshen shekarun 1930. A wancan zamani maganin kuturta allurar wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan itace, mai zafin gaske, amfaninsa kaɗan, kafin ƙwayar dapsone ta zo ta sauya al'amarin. Sannan a 1983 wani likita ɗan Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari da mazajensu suka saka, danginsu suka ware musu kwano. Ya fara yi musu aiki, ya yi wa dubbai, ya horar da likitocin da suka bazu cikin Afirka, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Teburin da aka fara yi wa waɗannan mata aiki a kai, da almakashin farko, da takalman da ake ɗinka wa masu kuturta don kada ƙafa ta ji rauni ba su sani ba, waɗannan a wata ƙasar da tuni suna cikin gilashi da bayani a ƙasansu. Ina roƙon masu riƙe da wurin, duk abin da ya rage a hannunsu su riƙe shi da kyau, kada guguwar kwaskwarima ta bi ta kansa.

Ba kayan asibitin Bature kaɗai nake nufi ba. Zabirar wanzami ita ce asibitin tafi-da-gidanka na ƙasar Hausa tun kafin a san wani abu wai shi disfensare: aska, ƙaho, 'yar tsaga, hantsaki, kowanne da aikinsa da wurin zamansa. Maɗori da karansa da tsummansa ya miƙar da ƙafafun da ba su ƙirguwa. Ungozoma ita ta karɓi haihuwar kusan duk wanda ya haura sittin a cikinmu. Malamai kuma sun rubuta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kansa ya bar rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir, kuma a zaurukan tsofaffin gidajen malamai na cikin birni akwai kundaye da gara ke ci a hankali. Yau tsohon wanzami ya rasu, 'ya'yansa sun zama 'yan acaɓa ko ma'aikatan gwamnati, zabirar ta yi shekara a rataye, rannan a share ɗaki a jefar.

Akwai 'yan boko da na ji suna cewa waɗannan kayan abin kunya ne, nuna su tamkar tallata jahilci ne. Wannan magana ta wanda bai yarda da kansa ba ce. A ajiye su, a kuma faɗi gaskiya a kansu. A sa askar yankan gishiri a gilashi, a rubuta a ƙasa da Hausa da ajami cewa wannan ta jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. A sa kayan cire belu, a rubuta jarirai nawa ne jini ya ƙi tsaya musu. A nuna tukunyar wankan jego da kanwa, a faɗi abin da likitocin Zariya suka gano tun shekarun 1970, cewa kunun kanwa da zafin da ake gasa maijego da shi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. A gefe kuma a faɗi abin da maɗori ya iya, wanda har gobe ake zuwa wurinsa. Budurwar da ta tsaya ta karanta wannan, ranar da aka zo yi wa 'yarta, za ta san abin da za ta ce.

Su Turawan da muke zagi, ku duba abin da suka yi. Wani attajirin mai sayar da magani, Henry Wellcome, wanda ya mutu a 1936, ya kashe dukiya yana tara kayan magani daga ko'ina a duniya, har da Afirka, kuma da yawansu suna gidan tarihin kimiyya na Landan yanzu. A watan Nuwamban 2022 cibiyar da ke ɗauke da sunansa ta rufe wani zauren baje kolin kayan nan da kanta, tana cewa yadda aka tsara shi yana ƙasƙantar da baƙar fata da mata da naƙasassu. Suna da abin gardama a kai ne saboda sun ajiye. Mu ko da za mu so mu gyara labarin, mu ba da shi da bakinmu, da me za mu ba da shi? In an dawo mana da layu da ƙahonin da ke Landan gobe, a wane sito za mu tula su, kuma shekara nawa za su yi kafin mai kura ya iso?

Na san amsar da ke jirana: asibiti babu magani, ƙauyuka babu tsaro, kai kana zancen tsohon ƙarfe. Wanda ke faɗin haka ya nuna mini ƙwayar farasitamol ɗaya da aka saya da kuɗin sikelin jariran nan. Wasu kuma za su ce rajista sirrin marasa lafiya ce, kuma gaskiya ne, shi ya sa wurinta ɗakin ajiya mai makulli, ba hannun mai ƙosai ba, inda sunan uwar wani da ciwonta za su ƙare a jiƙe da mai a bakin titi.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin fentin katanga ɗaya ba. Muna da gidan tarihi na ƙasa a tsohuwar Kwalejin Katsina, ginin ƙasar da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Muna da hukumar tarihi da al'adu ta jiha, muna da jami'a mai sashen tarihi da ɗaliban likitanci. Ɗaki ɗaya ya isa a fara. A sa doka mai layi biyu cewa ba a fitar da tsohon kaya daga asibitin gwamnati sai wani masanin tarihi ya leƙa ya ware abin warewa. Masu martaba na Katsina da Daura kuwa, ranku ya daɗe, kalma ɗaya daga fada ta isa Sarkin Aska ya tara zabirun da suka rage. A kuma bi tsofaffin malaman asibiti da ungozomomi da na'urar ɗaukar murya tun suna iya magana, don ƙarfe ba ya bayanin kansa.

Madubin likitan nan dai na saye shi daga hannun saurayin, a farashin nauyinsa. Yana nan kan kabad a ɗakina, naɗe cikin tsohon zanen goggo, kuma ba nan ne wurinsa ba. Sikelin jariran da tukunyar dafa allurar kuɗina bai kai ba, ina tsaye aka ɗora su a kura aka fita da su ta ƙofar baya.