Kai mai cewa "zuciya ce da ni, gadonta na yi"

Assalamu alaikum. Yaro ɗan shekara shida aka aika sayen manja, ledar ta fashe a ƙofar gida. Uban yana zaune kan benci. Kafin yaron ya buɗe baki an ɗauke shi da mari a kunne, aka jawo wayar caja aka shiga tsula masa. Da maƙwabta suka riƙe uban, yana huci yana cewa, "Ku sake ni, kun san halina. Zuciya ce da ni, haka Allah ya yi ni, babana ma haka yake." Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, maigidansa ne na wurin aiki. Nan take murya ta sauka: "Ranka ya daɗe, barka da yamma. Lafiya lau wallahi."

To ina zuciyar ta tafi? Wanda ya iya haɗiye ta a gaban oga, a gaban soja mai bindiga, a gaban wanda yake binsa bashi, me ya sa ba ta haɗiyuwa a gaban matarsa da ɗansa? Ɗan'uwa, da kai nake. Ke ma 'yar'uwa da ke huce haushin miji a kan 'yar riƙo, da ke nake. Ku ji tsoron Allah, ku daina jingina wa halitta abin da zaɓi ne.

Ban ce zafin zuciya ƙarya ba ne. Can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunnuwa, akwai wasu 'yan curi biyu da girmansu bai wuce ƙwayar gyaɗa mai kauri ba, likitoci na kiransu amigdala. Aikinsu gadi. Da sun hango barazana sai su buga ƙararrawa tun kafin tunani ya gama tantance ko maciji ne ko igiya. Saƙon ya gangara zuwa wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, su zubo sinadarin adiranalin cikin jini. Cikin daƙiƙu zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarce, jini ya kwarara zuwa damatsa da cinyoyi, baki ya bushe, jijiyar wuya ta miƙe. Rahama ce wannan, da ita kake tsallake mota idan ta taso maka. Sai dai mai gadin bai iya bambance kura da baƙar magana ba. Abinci ya yi gishiri, jikinka ya yi shirin kokawa da kura.

Allah bai bar ka da mai gadi shi kaɗai ba. A bayan goshinka, daidai inda kake ɗorawa a ƙasa in ka yi sujada, nan ɓangaren birki yake. Shi ke auna abin da zai biyo baya, shi ke cewa dakata. Shi ne ya yi aiki lokacin da oga ya kira. Ke nan birkinka lafiyarsa ƙalau, malam. Kana taka shi inda kake tsoron asara, kana ɗage ƙafa inda ka san ba mai ramawa. Wannan ba gado ba ne, raini ne.

Matsalar birkin ita ce ya fi ƙararrawar nawa, kuma in jini ya cika da adiranalin ƙarfinsa raguwa yake. Shi ya sa kake cewa "idona ya rufe". John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana auna ma'aurata a Jami'ar Washington ta Amurka, ya lura cewa da zarar bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya ana tsakiyar cacar baki, mutum ba ya ƙara jin abin da ake faɗa masa, kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Adiranalin kansa ba ya daɗewa, 'yan mintoci ne ya baje. Ɗan'uwansa kotizol shi ne mai nawa, sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙololuwa, ya daɗe kafin ya janye. A cikin wannan ɗan tsakanin ake furta saki uku, ake fasa kunne, ake yi wa ɗa baki. Washegari kuma a bi malamai gida-gida ana neman fatawa, ana rantsuwa cewa ba a cikin hayyaci aka yi ba. Alƙali sukutum, Manzon Allah (SAW) ya hana shi yanke hukunci yana cikin fushi. Kai kuma a gidanka kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai ne mai bulala, duk cikin minti ɗaya.

Don Allah ka koyi alamominka, domin fushi ba ya zuwa ba sallama. Wani muƙamuƙinsa ke ɗaurewa, wani kunnensa ke ɗaukar zafi, wani hannunsa ke dunƙulewa da kansa. Da ka ji naka, ka yi shiru. Hadisi ya ce idan ɗayanku ya yi fushi ya yi shiru, kuma harshe ne ya fi saurin kuɓuce wa birki. Ka nemi tsari daga Shaiɗan. In kana tsaye ka zauna, in bai wuce ba ka kwanta. Mai tsayuwa ya riga ya yi rabin shirin duka. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko takwas, sau goma. Tsawaita fitar da iskar ne sirrin, domin a lokacin ne wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya ke rage mata gudu. Ruwan sanyi a fuska, musamman goshi da kewayen ido da hanci, wannan jijiyar yake taɓawa. Ka ɗauki buta ka yi alwala da ruwan randa, ba a gurguje ba. Sannan ka ce wa iyalinka, "Raina ya ɓaci, zan fita, in na dawo mu yi magana." Faɗin sunan abin ma magani ne: a 2007 masu bincike a Los Angeles sun ga a hoton ƙwaƙwalwa cewa idan mutum ya ambaci sunan yanayin da ke gabansa, amigdala na lafawa.

Ga inda mutane ke ɓata aikin. Ka fita ɗin, amma kana tafe kana bitar maganar: ni za ta faɗa wa haka? Kowace bita sabuwar ƙararrawa ce, sabon adiranalin, minti 20 ɗin ya koma farko. Ka dawo ka fi yadda ka fita. Wani kuma ya ce sai ya fasa wani abu ko ya zazzaga masifa yake hucewa. Wani mai bincike, Brad Bushman, ya gwada wannan a 2002. Waɗanda aka tunzura aka ba su buhun dambe su naushe shi suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fi waɗanda suka zauna shiru fushi daga baya. Ƙwaƙwalwa hanyar da aka fi bi take faɗaɗawa, kamar burtali. Kullum ka yi ihu, gobe ihun ya fi sauƙin zuwa. Kullum ka haɗiye, gobe haɗiyar ta fi sauƙi. Abin da magabata ke nufi ke nan da cewa haƙuri da koyon haƙuri ake samunsa.

Kai ne kuma ke lalata birkin da hannunka. Kana riƙe da waya har ƙarfe biyun dare, ka tashi Asuba, ka wuce kasuwa. A 2007 mai binciken barci Matthew Walker da abokan aikinsa a jami'ar Berkeley ta Amurka sun hana matasa barci na kusan awa 35, suka ga amigdala ta ƙara zabura da kusan kashi 60 cikin ɗari, alaƙarta da ɓangaren goshi kuma ta yi rauni. Baligi na buƙatar barcin awa bakwai zuwa sama. In dare bai isa ba ka yi ƙailula ta minti 20. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, ka ajiye su daga La'asar, domin bayan awa biyar kusan rabin sinadarinsu na nan cikin jininka. Kada ka buɗe zancen kuɗin cefane da yunwa a cikinka. Tiramol da kodin da giya kuwa, birkin suke fara kashewa.

Mu dawo kan babanka. Eh, ana gadon hali. Binciken tagwaye ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a irin waɗannan ɗabi'u daga ƙwayoyin gado yake. Sahabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais ma, da Manzon Allah (SAW) ya ce masa yana da haƙuri da natsuwa, ya tambaya ko shi ya koya ko a kansu aka halicce shi, aka ce masa halitta ce. To wani an ba shi kyauta, kai an ba ka aiki, ladanka kuma gwargwadon wahalarka. Amma ka saurari wannan da kyau. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar yara sama da dubu da aka haifa a 1972 da 1973 har suka girma. A 2002 masu bincike Avshalom Caspi da Terrie Moffitt suka duba wata ƙwayar gado mai suna MAOA a cikin mazansu. Masu nau'in da ake dangantawa da faɗa, in sun tashi a gidan da ba a azabtar da su ba, ba su fi kowa rigima ba. Waɗanda aka gallaza wa suna yara, su ne abin ya fito musu. Iri yana nan, amma duka ne ya yi masa ban-ruwa.

Ke nan abin da kake kira gadon babanka, wani kaso ta jini ya zo, wani ta dorinarsa ya zo. Na jinin ba ka da iko a kansa. Na dorinar kuwa, ga shi kana miƙa wa ɗanka da wayar caja. Yaron da ɓangaren goshinsa ba zai gama nuna ba sai ya kai wajen shekara 25, kana hukunta shi don ya kasa abin da kai mai shekara 40 ka kasa. Mari a kunne na iya fasa fatar dodon kunne. Jariri kuwa, 'yar'uwa, komai kukansa kada ki jijjiga shi da haushi. Wuyansa bai yi ƙwari ba, jijiyoyin kansa na iya tsinkewa jini ya taru, ya makance ko ya mutu. Ki kwantar da shi rigingine inda ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida na minti biyar. Kuka ba zai kashe shi ba.

Kai ma ba ka tsira ba. Nazarin da aka yi a Jami'ar Harvard ta Amurka a 2014 ya nuna cewa cikin awa biyu bayan mummunan fushi haɗarin bugun zuciya na ninkuwa kusan sau biyar, na shanyewar ɓarin jiki fiye da sau uku. Mai hawan jini ya ji.

Akwai kuma wanda nasa ciwo ne, kada a zalunce shi da wa'azi kaɗai. Mutum mai sanyin hali ya sauya bayan ya bugu a ka a haɗarin babur. Mace ta rame, tana gumi, hannu na rawa, zuciya na bugu, ta zama mafaɗaciya: a auna sinadarin maƙoshinta. Mai ciwon suga ya rikice da faɗa yana zufa: suga ne ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi. Mai jego da sinadaran ciki suka sauka mata lokaci guda bayan haihuwa, in kuka da ƙunci sun wuce mako biyu, maigida, ba rashin kunya ba ce, kai ta asibiti. A yi addu'a, a kuma ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau, zuwa can ba hauka ba ne.

Amma in kana iya cewa "ranka ya daɗe" da tattausar murya a tsakiyar fushi, ba ka cikin waɗannan. Don girman Allah, daren nan ka kira yaron nan, ka duba kunnensa ko yana zubar da ruwa ko jini, in yana yi ku tafi asibiti da safe. Ka zaunar da shi kusa da kai, ka ce masa ka yi kuskure, ya yafe maka.