A daina buɗe faranti a kan tebur

A Arizona, inda nake aikin lab yanzu, ba a wasa da farar fumfuna. Da zarar ta tsiro kamar auduga a farantin da ake shuka samfurin majinyaci don gano ƙwayar cuta, ba mai ɗaga murfi. Naɗe bakin ake yi da salatif, a kai akwatin kariya mai tace iska. Tsoronsu Coccidioides ne, wani nau'in fumfuna mai kawo zazzaɓin kwarin San Joaquin, wanda ke kwance cikin ƙasar wannan hamada. Idan ya nuna, ƙurarsa tashi take yi, kuma faranti ɗaya ya isa ya harbi duk wanda ke ɗakin. Shi ya sa sai a ɗakin kariya mataki na 3 ake taɓa shi, kuma ana so likita ya sanar da lab tun kafin samfur ya iso.

Wani zai ce ai cutarsu ce. To, mu ma da tamu. Histoplasma, shi ma nau'in fumfuna ne, yana cikin kashin jemage da na tsuntsaye, an same shi a kogon Ogbunike na jihar Anambra, kuma a jerin fumfuna 19 mafi barazana ga lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 yana gaba da Coccidioides. A huhu kuwa, da ƙyar ake raba shi da tibi. Mutum ya sha magani wata shida bai warke ba, a sake turo kakinsa lab, takardar kuma "tari" kawai aka rubuta.

Inda na koyi aiki a gida Najeriya, a kan tebur muke buɗe faranti, fankar sama na kaɗawa. Har da masu sunsunawa, wai hanci ya fi littafi. Akwatin kariyar yana nan, kyautar wata ƙungiya, amma ba a taɓa kiran mai duba matatarsa ba, alhali duk shekara ya kamata. Nepa ta ɗauke wuta, iskar ta tsaya, hannunka na ciki, aiki ya ci gaba. Ni a ganina wannan ya fi rashinsa haɗari, don mutum ya saki jiki.

Kullum kuɗi muke kuka da shi, kuma da gaskiyarmu: janareto da matata ba arha ba. Amma salatif nawa ne? Shuka samfur a kwalba mai murfin murɗawa maimakon faranti, kashe fanka, dafa komai a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, kafin a zubar, duk ba sa jiran kasafin Abuja. Likitocinmu kuma, don Allah a riƙa ƙara layi ɗaya a takarda: "Ana zargin fumfuna, majinyaci na kwasar kashin jemage don taki."